Gidajen Jere na Zamanin Sarauniya Biktoriya a Ingila: Tambayoyi da Amsoshi

Wane irin gida ake nufi da gidan jere?

Gidaje ne da aka gina a layi ɗaya, bango ɗaya ya raba kowane gida da maƙwabcinsa, ba lungu ba rata a tsakani. Kowanne da ƙofarsa mai fuskantar titi, yawanci hawa biyu, wani lokaci uku. Turawa na kiransu teras. Waɗanda ake dangantawa da Biktoriya su ne na shekarun sarautarta, daga 1837 zuwa 1901, kodayake an ci gaba da gina irinsu har zuwa farkon Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1914.

Ba a zamaninta aka fara su ba. Tun bayan gobarar Landan ta 1666 ake jera gidajen bulo, kuma a ƙarni na 18 masu kuɗi ne ke zama a cikinsu, kamar jeren Royal Crescent na garin Bath da aka gina tsakanin 1767 da 1774. Abin da zamanin Biktoriya ya yi shi ne ya ƙanƙantar da tsarin ya kai shi ga lebura, ma'aikacin masaƙa da akawu.

Me ya sa suka cika garuruwan Ingila haka?

Jama'a ce ta yi yawa cikin gaggawa. Ingila da Wales suna da mutum wajen miliyan 9 a 1801, zuwa 1901 sun haura miliyan 32. Ƙidayar 1851 ta nuna mazauna birni sun fi na ƙauye yawa. Masaƙun auduga na Manchester da kewaye, waɗanda yadinsu ke kaiwa har kasuwar Kano ta hanyar fataken Sahara, suna buƙatar ma'aikacin da zai iso bakin aiki da ƙafa da sassafe. Dole gida ya kasance kusa da masana'anta, filin kuwa tsada gare shi.

Jere ya fi arha ta kowace fuska. Bango ɗaya na gida biyu ne, bututun hayaƙi ma haka. Faɗin gida ƙafa 12 zuwa 16 kawai, sai a miƙa shi ta baya, don haka titi ɗaya da magudana ɗaya za su ɗauki gidaje da yawa. Kayan gini ma sun sauko: an soke harajin gilashi a 1845, na bulo a 1850, na taga a 1851. Jirgin ƙasa kuma ya riƙa kwaso allon dutsen rufi daga ma'adanan arewacin Wales, irin su Penrhyn da Dinorwic, yana rarrabawa ƙasar.

A Scotland abin ya bambanta. Glasgow da Edinburgh sun fi gina benayen dutse masu hawa uku ko huɗu, iyalai da yawa suna hawa ta matakala ɗaya.

Gwamnati ce ta gina su?

A'a. Mafi yawansu ƙananan 'yan kwangila ne suka gina don neman riba. Mai fili ya yanka filinsa, ya ba magini haya, a Landan galibi ta shekara 99. Magini ya ci bashi ya gina gida huɗu ko shida, ya sayar, ya biya bashi, ya ƙara gaba. Shi ya sa in ka lura da dogon titi za ka ga adon taga ko na ƙofa ya sauya bayan 'yan gidaje: hannun wani magini ne ya karɓa. Ba kasafai ake ɗaukar mai zanen gini ba, daga littattafan samfuri ake kwafa, ado kuma a saye shi a shirye.

Akwai masu masana'antu da suka gina wa ma'aikatansu. Titus Salt ya kafa Saltaire kusa da Bradford a farkon shekarun 1850, kuma UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2001. Kamfanin jirgin ƙasa na Great Western ya gina wa ma'aikatansa unguwa a Swindon a shekarun 1840. Amma waɗannan tsiraru ne.

Mene ne gidan baya-da-baya, kuma me ya sa aka hana shi?

Shi ne mafi munin nau'in. Jere biyu ne aka haɗa bayansu, gida yana raba bango uku da maƙwabta, ƙofa da taga a fuska ɗaya kawai. Iska ba ta ratsawa. Rabin gidajen ma ba sa ganin titi, suna kallon wani matsattsen tsakar gida ne da ake shiga ta wani siririn lungu, inda iyalai da dama ke raba masai ɗaya ko biyu da famfo ɗaya.

Kwalara ta shiga Ingila a 1831, ta dawo a 1848, 1853 da 1866. Rahoton Edwin Chadwick na 1842 ya danganta yawan mace-mace da ƙazanta da cunkoso. Manchester ta hana sabon ginin baya-da-baya a 1844, dokar ƙasa ta hana a 1909, amma Leeds ta samu kafa a dokar ta ci gaba har 1937, kuma har yau ana zaune a dubbansu a can. A Birmingham tsakar gida ɗaya ta rage, a kusurwar titin Hurst da Inge, ƙungiyar National Trust ta mayar da ita gidan tarihi.

Me ya sa titunan suka yi kama da juna kamar an buga su da hatimi?

Doka ce. Dokar Lafiyar Jama'a ta 1875 ta ba hukumomin gari ikon tsara ƙa'idar gini, a 1877 kuma gwamnati ta fitar da samfurin da yawancinsu suka kwafa: titin da keken doki zai bi ya kai ƙafa 36 a faɗi, bayan kowane gida a bar fili na aƙalla murabba'in ƙafa 150, kowane gida da masai nasa, taga ta kai kashi ɗaya cikin goma na girman daɓen ɗaki, a kuma sa shimfiɗar tare danshi a gindin bango. Magini mai neman riba ba zai ƙara inci ɗaya a kan abin da doka ta ce ba. Mafi ƙarancin doka sai ya zama ma'aunin kowa.

Lungun da ke bayan gidajen ma aikinsa ne ya kawo shi. Ta nan masu kwasar bayan gida ke bi da dare, ta nan kuma ake kawo kwal.

Yaya cikin gidan yake?

Mafi ƙanƙanta shi ne biyu a sama biyu a ƙasa. Ƙofar titi tana buɗewa kai tsaye cikin ɗakin gaba, matakala a tsakiya, ɗakin baya nan ne girki da zaman iyali, sama ɗakunan kwana biyu. Masai da ma'ajiyar kwal suna can ƙarshen tsakar gida.

Wanda ya fi shi yana da siririn baranda daga ƙofa, falo a gaba, ɗakin cin abinci a tsakiya, sai wani reshe da ya miƙe ta baya mai ɗauke da kicin da wurin wanki, da ɗakin kwana na uku a samansa. Reshen bai kai faɗin gidan ba, don a bar wa tagar ɗakin tsakiya haske. Falon gaba na baƙi ne da ranar Lahadi, iyali na iya cunkushewa a baya duk mako ba a taɓa shi ba. Banɗakin wanka babu a yawancinsu. Bahon ƙarfe ake ajiyewa gaban murhu. Banɗakin da ka gani yau daga baya aka sa shi, shi ya sa sau da yawa sai ka ratsa kicin kafin ka kai gare shi.

A Newcastle da Gateshead akwai nau'in da za ka ga ƙofa biyu gefe da gefe: ɗaya ta iyalin ƙasa ce, ɗaya ta iyalin sama.

Ana iya gane shekarun gida da ido?

Kusan-kusan. Na farkon zamanin fuskarsu a shafe take, taga mai ƙananan gilasai shida sama shida ƙasa. Da babban gilashi ya yi arha bayan 1850 sai aka koma biyu sama biyu ƙasa, ko ɗaya-ɗaya. Taga mai tumbi da ta turo gaba, tayil mai zane a baranda, gilashi mai launi a ƙofa da layin bulo mai launi dabam sun fi yawa daga shekarun 1870. Launin bulo kuwa wuri yake nunawa: rawaya a Landan, ja a Manchester da Birmingham, dutse a sassan Yorkshire.

Yaya bangon yake, kuma me ya sa ake cewa kada a sa masa siminti?

Nan ne jigon komai. Bangon waje cikakke ne, ba rami a tsakiyarsa kamar na gidajen da aka gina daga shekarun 1920 da 1930. Kaurinsa tsawon bulo ɗaya, inci 9, wato wajen santimita 23. Reshen baya wani lokaci rabin haka ne. Za ka gane cikakken bango idan ka ga kan bulo yana bayyana a tsakanin waɗanda aka kwantar da tsawonsu.

Kwaɓin da ya haɗa bulon na farar ƙasa ne, wato dutsen da aka ƙona aka jiƙa, aka cuɗa da yashi. Ya fi bulon taushi, da gangan. Ruwan sama ya taɓa bango, bulo ya sha, rana ko iska ta fito sai danshin ya fita ta layukan kwaɓi. Gini ya ɗan motsa, kwaɓin ya bi shi ba tare da bulo ya fashe ba. A ciki ma filastar ta farar ƙasa ce, wutar kwal tana ci kullum, bututun hayaƙi yana zuƙe iska mai laima yana fitarwa.

Siminti ya fi bulon ƙarfi kuma ba ya barin ruwa ya wuce. In aka cike layukan da shi, danshi ya rasa mafita sai ta fuskar bulo. Sanyin hunturu ya daskarar da ruwan, ya kumbura, fuskar bulo ta ɓare. Bayan 'yan shekaru sai ka ga layin siminti ya tsaya cak, bulon da ke kewaye da shi ya zaizaye. Wanda ya taɓa ganin katangar ƙasa da aka yaɓe da siminti, yaɓen ya bubbuɗe ya faɗo da ƙasar a jiƙe a bayansa, ya san ciwon. Fentin roba a waje da filastar zamani a kan bango mai laima duk illa ɗaya suke yi.

To yaya ake sabunta kwaɓin da ya zube?

A fara da inda ya lalace kawai. Kwaɓin da ke da ƙwari a bar shi. A kankare tsohon da hannu, da siririn ƙarfe, zurfin ya kai ninki biyu na faɗin layin, galibi milimita 20 zuwa 25. Kada a sa injin yanka, yana cin gefen bulo ya faɗaɗa layin har abada. A share ƙura, a yayyafa ruwa har bulo ya yi laima, ba ya ɗiga ba.

Haɗin da aka saba shi ne farar ƙasa awo ɗaya, yashi mai kaifi awo biyu da rabi zuwa uku, ruwa kaɗan, ya yi tauri ba ya malala. A danna shi cikin layi sosai, in zurfin ya yi yawa a yi shi hawa-hawa. Idan ya fara kamawa, yadda farce zai bar alama amma yatsa ba zai lotsa ba, a bubbuga shi da buroshi mai tauri don fuskar ta buɗe. A rufe da buhun algarara mai laima na 'yan kwanaki. Bushewa da sauri tana sa shi ya yi gari. Kada a yi aikin idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 5.

Gindin bango ya jiƙe, an ce a yi masa allurar sinadari. A yi?

Ba da gaggawa ba. Danshin da ke hawa daga ƙasa yana faruwa, amma sau da yawa wani abu ne ake ɗora masa laifinsa, kuma mai sayar da allura ba zai ce maka kwata ce ta toshe ba. A bi waɗannan tukuna.

Tsayin ƙasar waje. Shimfiɗar tare danshi, wadda yawanci allon dutse ce a cikin layin bulo, ya kamata ta kasance santimita 15 sama da ƙasa, wato layin bulo biyu. Shekara ɗari na daɓe a kan daɓe kan binne ta, ruwa ya tsallake. Maganin shi ne a sauke ƙasar.

Bulo mai huda. Daɓen ɗakunan gaba katako ne a kan gungume, da rami a ƙarƙashi. Iska na shiga ta bulo mai huda a gaban gida ta fita ta baya. In aka toshe su saboda sanyi, ko aka gina sabon ɗaki a baya da daɓen kankare ba a bi da bututun iska ba, kan gungumen da ke cikin bango ya ruɓe. Alamarsa daɓe yana lilo kusa da bango, da warin laima. Busasshen ruɓa ya fi muni, domin naman gwarin da ke jawo shi yana ratsa bulo ya kai ga katakon maƙwabci.

Kwatar rufi da bututun ruwan sama. A fita a duba lokacin da ake ruwa. Koren layi a bango daga sama zuwa ƙasa shaida ce.

Sai tururin cikin gida. Baƙar funfuna a kusurwa, bayan kabad da gefen taga ba daga ƙasa take zuwa ba, daga girki, wanka da shanya a ɗaki take. An toshe murhu, an liƙe taga, tururin ya sauka a bango mai sanyi. Fanka mai zuƙe tururi a kicin da banɗaki, ɗumama gida daidai-daidai, da barin huda a bututun hayaƙin da aka rufe, su ne maganinta.

Tsaga a bango na nufin gidan zai faɗi?

Da wuya. Harsashinsu gajere ne, sau da yawa bai kai rabin mita ba, bulo ne kawai aka ɗan faɗaɗa a gindi. A Landan da kudu maso gabas ƙasar yumɓu ce, tana tsukewa da fari tana kumbura da ruwa, shi ya sa ƙorafin nutsewar gini ya yi yawa bayan bazarar 1976, 2018 da 2022. Babbar bishiya kusa da gida da magudanar da ta fashe su ne manyan masu laifi.

Tsagar da ba ta wuce milimita 2 ba yawanci ta filasta ce. Wadda ta haura milimita 5, ta bi layin bulo kamar matakala, ta fi faɗi a sama, ana ganinta ciki da waje, ƙofa kuma ta fara cijewa, wannan ta injiniya ce. Wuri biyu ne suka fi tsagewa: mahaɗar taga mai tumbi da jikin gida, da mahaɗar reshen baya, don harsashinsu bai kai na uwar ginin ba.

Rufin fa?

Allon dutsen Wales na iya haura shekara ɗari. Ƙusar da ke riƙe shi ce ke tsatsa, sai alluna su fara zamewa. In abin ya yawaita, a sauke rufin, a ware masu kyau a mayar da ƙusar tagulla. Kuskuren da aka yi ta yi a shekarun 1970 da 1980 shi ne maye gurbinsu da tayil na kankare, wanda ya fi nauyi nesa ba kusa ba. Katakon ya lanƙwashe, ya tura saman bango waje.

Wasu gidajen Landan rufinsu ya gangaro tsakiya ne, a ɓoye bayan katangar gaba, da kwata ɗaya a tsakiya. Ganye ya toshe ta, ruwa ya sauka kai tsaye a silin ɗakin kwana. A share ta duk kaka. A leƙa saman silin kuma a ga ko bangon tsakani ya kai har rufi, domin a wasu tsofaffin jere a buɗe yake, gobara na iya bi ta nan.

Ana iya fasa bangon tsakiya ko cire bututun hayaƙi?

Ana yi, amma da lissafin injiniya da amincewar sashen kula da gini na ƙaramar hukuma. Bangon da ya raba falo da ɗakin tsakiya yawanci yana ɗauke da daɓen sama, sai an sa ƙarfe a madadinsa. Wanda ya cire ƙirjin murhu, wato ginin bututun hayaƙi da ya turo cikin ɗaki, a ƙasa ya bar na sama ba tallafi, ya rataye tarin bulo a kan katakon da ba don haka aka yi shi ba.

Ga kuma maƙwabci. Dokar bangon tsakani ta 1996, a Ingila da Wales, ta ce a ba shi sanarwa a rubuce wata biyu kafin a taɓa bangon, ko wata ɗaya kafin haƙa da zai yi kusa da gininsa da mita 3 ya kuma zarce zurfin harsashinsa. In bai amsa cikin kwana 14 ba, an ɗauka akwai saɓani, sai a naɗa safiyo.

A canza tsofaffin tagogi?

In katakon bai ruɓe ba, gyara ya fi. Tagar ɓangare biyu ce masu zamewa sama da ƙasa, da nauyin ƙarfe a ɓoye a cikin firam, igiya ta haɗa su. Abin da ke lalacewa igiya ce, da fentin da ya liƙe ta, da katakon gindi. Kafinta zai cire siririn katakon gefe, ya buɗe aljihun da ke firam, ya sa sabuwar igiya, ya ƙara buroshin tare iska. In an sa gilashi mai nauyi dole a ƙara nauyin ƙarfen. A unguwannin da aka keɓe don tarihi, bisa dokar 1967, wani lokaci sai da izini ake canza taga.

Me ya sa suke da sanyi, kuma me ake yi?

Cikakken bango yana zubar da zafi fiye da bangon zamani sau da yawa. A fara da mai arha: abin tare zafi mai kaurin milimita 270 a saman silin, toshe kafofin ƙofa da na allunan daɓe, labule mai kauri. Rufe bango ta ciki shi ne mai haɗari, domin bulon da ke baya zai ƙara sanyi da laima, kan gungume ya ruɓe a ɓoye. Masana tsofaffin gine-gine sun fi son allon zaren itace maras kauri sosai da filastar farar ƙasa, bayan an tabbatar bangon a bushe yake.

Akwai abin da ke cutar da lafiya?

Bututun ruwa na dalma, wanda aka daina sawa wajen 1970: in ka kankare shi da tsabar kuɗi ya yi ƙyalli kamar azurfa, shi ne, a nemi a canza. Tsohon fenti ma da dalma, kada a goge shi a bushe, musamman inda akwai yara. Asbestos ba na asalin ginin ba ne, gyare-gyaren ƙarni na 20 ne suka shigo da shi a silin da tayil. An hana shi gaba ɗaya a 1999. A gwada kafin a huda.

Yaya suka tsira daga rusau?

Da yawa ba su tsira ba. Daga dokar gidaje ta 1930, musamman kuma a shekarun 1950 da 1960, an share unguwanni sukutum aka gina dogayen benaye. Dokar 1969 ta juya akala, ta ba da tallafin sa banɗaki da ruwan zafi a tsofaffin gidaje. Rusau ya dawo a arewacin Ingila ƙarƙashin wani shirin gwamnati na 2002 zuwa 2011, mazauna suka yi turjiya a wurare irin su Welsh Streets da Granby a Liverpool. Aikin gyaran titunan Granby ya ci lambar fasaha ta Turner a 2015. Yau gida iri ɗaya, bulo iri ɗaya, a Landan ya kan haura fam miliyan ɗaya, alhali Liverpool da Stoke sun taɓa sayar da kangonsa a fam ɗaya da sharaɗin mai saye ya gyara ya zauna.

Ɗalibi ko ma'aikacin da zai kama haya a irin gidan, me zai duba?

Ya ja kabad da gado daga bangon waje ya ga bayansu. Bango ɗaya da sabon fenti, sauran da tsoho, abin tambaya ne. Ya taka daɓe kusa da taga ya ji ko yana lotsawa. Ya kunna fankar banɗaki ya ɗora takarda a bakinta, in ba ta riƙe ba to ba ta ja. Ya nemi takardar binciken gas, wadda doka ta wajabta wa mai gida duk shekara, da ta wayarin wuta mai shekara biyar, da takardar da ke nuna matakin cin makamashi, wanda a Ingila bai kamata ya gaza matakin E ba. Gidan ƙarshen layi ya fi sanyi don bangonsa uku ke waje. Na tsakiya ya fi ɗumi, amma ana jin tarin maƙwabci ta bangon inci 9, don haka ya je duba gidan da yamma, lokacin da mutane suka dawo daga aiki.